Daga Dogarawa Zuwa Shika: Inda Hannun Nas Yake Tsayawa

Ranar Talata, 7 ga Yulin 2015, ana shirin shiga goman ƙarshe na azumi, malaman firamare da ma'aikatan ƙaramar hukuma sun yi cincirindo a sakatariyar Sabon Gari da ke Dogarawa. Kowa da takardunsa a hannu, yana jiran layi ya zo kansa a tantance shi. Da hantsi bam ya tashi a cikinsu. Kafin rana ta faɗi Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sanar da rasuwar mutum 25, har da mai shekara biyu da haihuwa, ya ce wasu 32 sun jikkata.

Da yawa daga cikin masu raunin Shika aka nufa da su, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya baro Tudun Wada ya tare a can tun 2005. Duk wanda ya san Zariya ya san hanyar: a fito Kwangila, a miƙe titin Sakkwato, a wuce Hanwa da Palladan da Zango, a ratsa Samaru da cunkosonta na bakin kasuwa da ƙofar jami'a, sannan a hango asibitin. Ko titi a buɗe yake, tafiya ce. Shi kuwa jini ba ya jiran mota. Abin da ke jikin babban mutum kimanin lita biyar ne, kuma idan babbar jijiyar cinya ta tsinke, 'yan mintoci sun isa ya tsiyaye. Wanda numfashinsa ya ɗauke, ƙwaƙwalwarsa kan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Rai na Allah ne, amma sababi yana hannun wanda ya fara durƙusawa a kan mai rauni, tun kafin a ga ƙofar imajansi.

Ba sai bam ya tashi ba. Ɗan acaɓa ne da mota ta kaɗe a ƙarƙashin gadar Kwangila, yaro ne da ya kama jijjiga a Hayin Dogo da tsakar dare, mai jego ce a Bomo da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, dattijo ne da ya yanke jiki ya faɗi a sahu. A Sabon Gari da Samaru, wanda ake rugawa a kira a irin wannan lokaci ba kasafai yake zama likita ba. Nas ce, ko nas namiji, don a Arewa maza da yawa suna wannan aiki. Zariya gari ne da ke yaye su: ga makarantar jinya ta asibitin koyarwa, ga ta St Luke a Wusasa, ga sashen koyar da jinya na jami'a. Da wuya a sami unguwar da ba a san gidan wata nas ba.

Sai a buga mata ƙofa. "Sista, don Allah ki fito, Baba ne ya faɗi." Ta zura hijabi a kan kayan barci ta bi su. A asibiti tana da likitan da za ta kira, da iskar oksijin, da kabad ɗin magani, da fayil da za ta rubuta abin da ta yi. A nan kuwa daga ita sai fitilar waya da mutum ashirin da suka zuba mata ido, kowa yana faɗin abin da yake so ta yi. Mafi yawansu abu biyu suke roƙo: allura da ƙarin ruwa.

Mutanenmu ba sa rarrabe ma'aikatan lafiya. Duk wanda ya sa fararen kaya likita ne, ko malamin asibiti, daga mai tiyata har mai ba da kati. Doka kuwa ta rarrabe. Nas ta gaskiya ita ce wadda sunanta ke cikin rajistar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa a tsarinta na yanzu da dokar soja mai lamba 89 ta 1979. Ta yi shekara uku a makarantar jinya, ko biyar a jami'a, ta ci jarrabawar majalisar, ta karɓi lasisi. Majalisar tana da kotun ladabtarwa da za ta iya goge sunan mutum daga rajista. Tantance cuta da rubuta magani da fiɗa, waɗannan a tsarin aikin asibiti na likita ne, nas tana ba da magani ne bisa rubutunsa ko bisa rubutaccen umarni da wurin aikinta ya amince da shi. Dokar likitoci ma ta mai da shi laifi ga wanda ba shi da rajistarsu ya yi aikin likita don a biya shi, ko ya nuna wa jama'a cewa shi likita ne.

To amma wata dokar ta zo da magana mai nauyi ta ɗaya ɓangaren. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta ce, a sashe na 20, ma'aikacin lafiya ko asibiti ba shi da ikon hana mutum agajin gaggawa ko da wane dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sashen bai ce sai tana bakin aiki ba, bai kuma zayyana abin da za ta yi idan babu kayan aiki ba. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ita ma ta yanka tarar naira 50,000 ga asibiti ko ma'aikacin lafiyar da ya ƙi karɓar wanda ya yi hatsari a hanya. Shi ya sa nas-nas da yawa suke jin kamar gaba kura baya siyaki: in sun taɓa a ce sun wuce gona da iri, in sun janye a ce sun ƙi taimako.

Idan aka duba da kyau, tarkon bai kai yadda ake jin tsoronsa ba. Abubuwan da ke riƙe rai a mintocin farko kusan dukkansu suna cikin hurumin nas, kuma babu wanda yake buƙatar sa hannun likita.

Na farko ido ne. A wurin da mutane da yawa suka jikkata, jama'a kan yi kan wanda ya fi ihu, alhali mai ihu yana numfashi, jini kuma yana kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya yi shiru, jikinsa ya yi sanyi, gumi yana keto masa, yana neman ruwa da murya ƙasa-ƙasa, shi ne mai tafiya. Nas ta san haka, kuma nuna wa direba wanda zai fara ɗauka aiki ne da ya fi allura goma. Daga nan sai tsayar da jini: a danne rauni da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, ba a ɗagawa a leƙa. In hannu ne ko ƙafa kuma jinin yana tsartuwa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a zura sanda a murɗa har ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure. Ba da igiya ko waya ba, su yanka nama suke yi. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe kada harshensa ko amai ya toshe masa maƙogwaro. Wanda zuciyarsa ta tsaya, a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita biyar zuwa shida, bayan kowane dannawa talatin a hura masa iska sau biyu.

Wani babban aikin nata shi ne hana mutane. Ta hana a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara, don huhu za su tafi. Ta hana a cusa wa yaro mai jijjiga cokali a baki, ko a danne shi. Ta hana a zare ƙarfen da ya soki mutum, don wataƙila shi ne ya toshe jijiyar. Ta hana samari huɗu su ciccibi ɗan acaɓa ta hannu da ƙafa, kansa yana lilo, su cusa shi a Keke Napep, domin ƙashin wuyan da ya tsage kawai zai iya gocewa a hannunsu ya datse laka, mutumin da da zai warke ya ƙare rayuwarsa a kwance. Ta ce a nemo katako ko ƙyauren ƙofa. Ta kuma tsaya kai da fata cewa karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce a wannan dare. Yarinya 'yar shekara ashirin da biyar ta tsaya gaban dattawan unguwa ta ce "Baba, ku yi haƙuri, ba za a ba shi ruwa ba," wannan yana buƙatar ƙarfin zuciya fiye da soka allura, kuma ya kamata a ga girmansa.

Yanzu a dawo kan ƙarin ruwa, wanda mutanenmu suka ɗauka shi ne maganin kowane mai galabaita. Ruwan leda gishiri ne da ruwa, ko suga da ruwa. Ba ya ɗaukar iskar oksijin kamar jini, ba ya daskarewa ya toshe rauni. Idan mutum yana zubar da jini ta ciki aka ɗura masa leda biyu, ruwan zai tsinka sauran jinin, ya ɗaga bugunsa, ya ture ɗan gudan da jiki ya fara haɗawa a bakin jijiya. A birnin Houston na Amurka an gwada wannan a kan mutum 598 da aka harba ko aka soka a ƙirji ko ciki, aka buga sakamakon a 1994. Waɗanda aka jinkirta musu ruwa har suka isa ɗakin tiyata, kashi 70 cikin ɗari sun rayu. Waɗanda aka sa wa ruwa tun a hanya, kashi 62. Ban da wannan ga lokacin da ake ɓatawa: a aika yaro kemis, a nemi jijiya da fitilar waya, a rataye leda a ƙusa, a zauna ana kallon ɗigo. Awa biyu sun tafi, kuma da su ne za a kai Shika a shiga tiyata.

Allura ma haka. Diclofenac da ake yawan yi don ciwo yana ƙara zubar jini, yana kuma bugun ƙodar mutumin da jininsa ya riga ya yi ƙasa. Allurar barci da ake yi wa mai jijjiga tana iya ɗauke numfashi, kuma a tsakar gida babu abin da za a hura masa iska da shi. Dattijon da bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya saki, iyali kan matsa a yi masa allurar saukar da hawan jini nan take. Amma shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, wata jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, wata fashewa ta yi, kuma sai hoton kai ne yake rarrabe su. Saukar da jini da gaggawa yana iya kashe sashen ƙwaƙwalwar da ke fafutukar rayuwa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ɗinki a bakin titi kuwa rufe ƙasa da tsatsa ne a cikin nama.

Saboda haka iyakar da aka yi wa nas a wajen asibiti ba don an raina iliminta ba ne. Likitan tiyata da kansa, in aka tare shi a Kwangila da hannu biyu kawai, abin da zai yi bai wuce abin da za ta yi ba. Magani mai ƙarfi yana tafiya ne da gwaji, da abin sa ido, da makarinsa idan ya juya. In an raba shi da waɗannan, ko a hannun wa yake, caca ce da ran mutum.

Sai dai akwai gaskiya ta biyu da bai kamata a ɓoye ba: wasu magungunan amfaninsu yana cikin saurinsu, kuma a nan iyakar tana cin rai. Wanda kudan zuma ya harba ko wani magani ya ƙi jininsa, fuskarsa ta kumbura, maƙoshinsa ya fara rufewa, allurar adrenaline a cinya ce kawai za ta buɗe shi, kuma mintoci ne gare shi. A Ingila doka ta fito fili ta ba kowa izinin yin wannan allura don ceton rai, ba ma nas kaɗai ba. Ga kuma tranexamic acid, mai hana gudan jini narkewa. Wani babban gwaji da aka buga a 2010, wanda ya haɗa masu rauni fiye da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna yana rage mutuwa, bincike na baya kuma ya nuna sai an ba da shi cikin awa uku. A 2017 aka sake tabbatar da haka a kan mata fiye da 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa, da yawansu a asibitocin Najeriya: in an ba da shi da wuri, mutuwa ta zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. Magani ne mai araha. Amma nas da ke zaune a Dogarawa ba ta da shi a jaka, ba ta kuma da takardar da ta ce mata ta yi.

Abin da Zariya ta sani, wataƙila fiye da kowane gari a Arewa, shi ne ana iya matsar da iyaka idan an yi shi da tsari, kuma a ɗakin haihuwa aka koyi wannan darasi. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa, binciken da aka buga a 1985 ya girgiza masana a duniya. Ya nuna matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci a gida aka kawo su a makare. Matsalar tana can kafin ƙofar asibiti.

Sannu a hankali aka fara kai maganin inda matan suke. A 2006 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi wa ƙwayar misoprostol rajista don zubar jinin bayan haihuwa. Ƙwaya ce da ba ta buƙatar firij ko sirinji, tana sa mahaifa ta tsuke. Wajen 2009 masana na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Clara Ejembi, tare da takwarorinsu na Jami'ar Kalifoniya, suka kai ta wasu garuruwa biyar da ke kewayen Zariya. Ba nas suka damƙa wa ba ma, ungozomomin gargajiya da mutanen gari aka horar, bayan an zauna da sarakuna da malamai da mazaje. An koya wa mata auna jini da moɗa: in abin da ya zuba ya cika ta, wato kimanin rabin lita, a nemi mota. Mafi yawan matan da suka haihu a gida sun sha ƙwayar, kuma daidai suka sha ta. A Kano kuma, da aka shigar da allurar magnesium sulphate asibitoci goma a 2008 aka horar da likitoci da ungozomomi, mutuwar masu jijjigar ciki ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3.

Irin waɗannan hujjoji ne suka share fagen manufar raba ayyuka da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2014, wadda ta buɗe wa nas da ungozoma da malaman lafiya na matakin farko ƙofar wasu ayyukan da a da ba nasu ba ne, kamar ba mai jijjiga allurar farko kafin a tura ta gaba. Shi ya sa ungozoma mai rajista ta fi nas zalla faɗin hannu idan aka kira ta kan mai naƙuda: ta murza mahaifa, ta ba da maganin tsuke ta, ta farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba. Amma ko ita da sharaɗi. Magnesium sulphate in ya yi yawa yana tsayar da numfashi, don haka sai ana duba numfashin da fitsari da motsin gwiwa, makarinsa kuma yana kusa. Allurar farko izinin tafiya asibiti ce, ba izinin zama a gida ba.

Abin takaici, wannan hikima da aka yi wa haihuwa ba a yi wa hatsarin hanya irinta ba. Dokar 2014 ta ware kashi biyar cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don agajin gaggawa, kuma a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, wanda aka tsara zai biya kuɗin jinyar awa 48 na farko. Akwai lambar 112, akwai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Duk da haka, wanda ya faɗi a kasuwar Sabon Gari yau, abin da ya fi yiwuwa shi ne Keke Napep ce za ta kai shi asibitin Limi, ko motar wani bawan Allah ta wuce da shi asibitin Ƙofar Gayan ko na Shika. A ƙasar Gana, da masana suka ga direbobin haya ne ke kwaso masu hatsari, sai suka tara 335 daga cikinsu suka yi musu kwas na awa shida kan tsayar da jini da buɗe hanyar numfashi, kuma bin diddigi ya nuna sun yi aiki da abin da suka koya. Direbobin Kwangila da 'yan Keke na Samaru ba su gaza na Gana ba, masu koya musu kuma suna nan a unguwa ɗaya da su.

Sai batun tsoro, wanda shi ne ainihin abin da ke sa mutum ya ga jini ya kau da kai. Mutane sun daɗe suna ganin wanda ya kai mai rauni asibiti ya kwana a caji ofis yana amsa tambayoyi. Dokar tilasta jinyar waɗanda aka harba, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen 2017, ta taɓo wannan: asibiti ya karɓi mutum ko da takardar 'yan sanda ko babu, ya sanar da su cikin awa biyu da fara jinya, wanda ya kawo shi kuma a mutunta shi, kada a tsare shi da tambayoyin cin fuska. Tsohon kundin Final Kod na Arewa ma ya ce abin da aka yi wa mutum da kyakkyawar niyya don amfaninsa, a lokacin da ba zai iya ba da izini ba, ba laifi ba ne, amma ya fassara kyakkyawar niyya da cewa sai an haɗa da kula da taka-tsantsan. Wato nas da ta danne rauni ta raka mutum asibiti tana da madogara, wadda ta yi masa allurar da ba ta da hurumi a kai kuwa niyya kaɗai ba za ta wanke ta ba. Kariyar tana nan, sai dai a warwatse take cikin dokoki daban-daban, kuma ɗan sandan da ke kan kanta ba lallai ne ya san da ita ba. Wasu ƙasashen sun tattara ta wuri guda. Jihar Kalifoniya ta yi dokar kare mai agaji tun 1959. Kotun Ƙolin Indiya ta ba ƙa'idojin kare shi ƙarfin doka a 2016, majalisa ta shigar da su dokar hanya a 2019. Faransa ta bi ta wata hanyar, a can ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari shi ne laifin, har da ɗaurin shekara biyar.

Ita kanta nas ɗin jiki gare ta. Zazzaɓin Lassa da ke dawowa kowane rani, nas-nas ne aka fara sanin sa a kansu: a 1969 Laura Wine ta kamu a garin Lassa ta rasu a Jos, Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta bi ta, Penny Pinneo ce ta tsira da kyar. Mai zazzaɓin da aka ce a zo a sa masa ruwa a ɗaki, ba a rubuce yake a goshinsa ba ko maleriya ce ko Lassa. Jinin da ke bakin titi kuma yana iya ɗauke da ciwon hanta ko HIV. Safar hannu biyu a jaka, ko leda in babu, ba girman kai ba ne. In allura ta soke ta ko jini ya taɓa mata rauni, awa 72 gare ta ta fara shan maganin kariya daga HIV, kuma gwamma a awannin farko.

Akwai kuma masu ɓata wa aikin suna, waɗanda suka yi 'yan watanni suna miƙa kaya a wani ƙaramin asibiti ko kemis, suka sayi fararen kaya, unguwa ta fara ce musu nas. Su ba su da lasisin da za su ji tsoron rasawa, don haka ba sa cewa a'a. Duk ruwan da aka ce a sa za su sa, duk allurar da aka roƙa za su yi, a biya su. Sai a wayi gari ana yabon su da sauƙin kai, ita kuma mai rajista da ta ce a tafi asibiti ana cewa ta cika tsauri, ko ba ta iya aiki ba. Wannan rashin adalci ne, kuma yana ƙara yawa ne a daidai lokacin da ƙwararrun suke barin ƙasar. A Fabrairun 2024 magatakardar majalisarsu, Faruk Abubakar, ya ce fiye da nas 42,000 sun fita waje cikin shekara uku.

Iyalan ma ba a ce ba su da uzuri ba. Mai gidan da ya ce "Sista, ki yi mana a nan" sau da yawa lissafin kuɗin mota yake yi, da na kati, da na gwaji, da na jini, a daren da babu ko sisi a aljihunsa. Faɗa masa doka ba zai cika masa aljihu ba. Abin da zai taimake shi, ya taimaki nas ɗin, ba shi da tsada sosai: rubutacciyar ƙa'ida daga majalisar jinya da ma'aikatar lafiya ta Jihar Kaduna da ta fayyace abin da nas mai rajista za ta yi a wajen asibiti da magungunan gaggawa biyu ko uku da aka yarda ta riƙe bayan horo, da 'yar jaka mai safar hannu da bandeji da maɗaurin jini, da lambar waya a imajansin Shika da likita zai ɗauka ya ce mata "ci gaba" ko "dakata". Da murya ɗaya a waya, abin da ta yi ya koma aiki bisa umarni, ba ra'ayin kanta ba.

Kafin a samu wannan, abin da ƙwararru suke yi shi ne su shiga motar. Nas ta zauna a baya, kan mai raunin a tsakanin tafukanta ko hannunta a kan bandeji, wani ya buga waya gaba ya ce ga su nan. In an isa ba ta juyawa daga bakin ƙofa. Za ta nemi wadda ke bakin aiki ta faɗa mata a taƙaice: mota ce ta kaɗe shi wajen ƙarfe tara da kwata, da farko yana magana, a Zango ya daina, an ɗaure cinyar hagu ƙarfe tara da minti ashirin da biyar, ba a ba shi komai ta baki ba, ba a yi masa allura ba. Lokacin ɗaurin nan shi likita zai fara tambaya, domin ƙafar da ta wuce awa biyu babu jini naman cikinta yana fara mutuwa. Sannan ta ba da sunanta da wurin aikinta a rubuta a fayil, ta nemi famfo da sabulu ta wanke hannu har gwiwa.